Tsofaffin wasiƙun jiragen ruwan Sifaniya: hatimi ake saya ko wasiƙa?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu a harkar tara tsofaffin wasiƙu. A kasuwar masu kan sarki da tsofaffin kuɗi da ke ci ranar Lahadi a Plaza Mayor, nan Madrid, wani dattijo ya nuna min takardu biyu, aljihuna kuwa ɗaya zai iya ɗauka. Ta farko fuskar wasiƙa ce kawai, an yanke sauran. Akwai sunan wanda aka aika wa a Kadis, tashar jiragen ruwa ta kudancin Sifaniya, ga jan hatimi raɗau an buga YNDIAS, sunan da Sifaniyawa ke kiran ƙasashensu na Amurka, kowane harafi ya fito. Ba kwanan wata, shi dai ya ce ta wajen 1770 ce. Ta biyu cikakkiya ce, daga Habana ta Kyuba, 1833. Hatiminta ISLAS DE BARLOVENTO, wato tsibiran yankin Kyuba, amma ya dushe, sai ka karkata ta wajen haske kake karantawa, kuma akwai tsaga biyu a jikinta kamar an soka wuƙa. Ta farkon ta fi tsada. Babu kan sarki a ko ɗaya. Ga hotuna nan. Wacce zan ɗauka?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗauki ta uku, wato kuɗinka, ka aiko gida a sayi buhun masara. Takardar da ko kan sarki babu, kuma an soke ta da wuƙa?

Baban Sadik:
Kawu, a yi mana afuwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗan Zango, rashin kan sarki ba aibi ba ne, domin a lokacin ba a ƙirƙiro shi ba. Na farko a duniya Ingila ce ta fitar a 1840. Sifaniya ta fitar da nata ranar 1 ga Janairu 1850, da hoton sarauniya Isabel ta biyu, Filifin a 1854, Kyuba da Puerto Rico a 1855. Duk abin da ya riga wannan masu harkar suna ce masa prefilatelia, kuma nan ne daɗin yake, saboda komai a jikin takardar yake: hatimin gidan waya, kuɗin da ma'aikaci ya rubuta ko ya buga, wani lokaci har sunan jirgi. Ambulan ma babu. Takardar da aka yi rubutun ita ake naɗewa, a liƙe da jan kaki ko ɗan abin liƙi na fulawa, a rubuta adireshi a baya. Galibi wanda aka aika wa ne ke biya. In mai aikawa ya biya tun can, za ka ga FRANCA.

Ni ta biyu zan ɗauka, ko ciniki ba zan ja da yawa ba. Dalili na zuwa, bari in ji ta bakin Alhaji tukuna, don na san ba zai yarda ba.

Alhaji Mai Hatimi:
Ai kuwa ban yarda ba, Malam. In tara hatimai yaro yake so ya fara, to hatimi ake duba. Je ka buɗe kowane kundin gwanjo ka gani, hatimi iri ɗaya, wanda ya fito tsaf ya ninka wanda ya dushe a kuɗi. Wasiƙun Habana na shekarun 1830 kuwa ba su da wuyar samu, gidajen fatake na Kadis da Santander da Barsalona sun bar su jibgi. Yau ka bar ta, mako mai zuwa ka ga 'yar'uwarta. YNDIAS ta ƙarni na 18 da bugu irin wannan fa? Ba kullum ba.

Baban Sadik:
Ranka ya daɗe, wa ya ce ta ƙarni na 18 ce? Mai sayarwa. Nan gizo ke saƙa. Bari in ɗan ja zancen baya, don yaran zaure su fahimci inda hatimin ya samo asali.

Kafin 1764, wasiƙa daga Sifaniya zuwa ƙasashen da ta mallaka a Amurka tana bin ayarin jiragen fatauci ne ko ƙananan jiragen kai saƙo da ake ce wa avisos, ba rana tsayayya. A can kuma harkar waya gado ce ta gida guda: tun 1514 sarki ya ba Lorenzo Galíndez de Carvajal muƙamin Correo Mayor de Indias, wato shugaban gidan waya na ƙasashen Amurka, zuriyarsa suka riƙe shi a Peru har sama da shekara 250. Sai Ingilishi suka ƙwace Habana a 1762, ba a mayar da ita ba sai da yarjejeniyar Faris ta 1763. Wannan mari ne ya farkar da sarki Carlos na uku cewa daular da labarinta ke kwana a hanya wata da watanni ba ta riƙuwa. A watan Agusta 1764 aka kafa Correos Marítimos, wato jiragen waya na gwamnati, a ƙarƙashin minista Grimaldi. Jirgi ɗaya kowane wata, daga Korunya zuwa Habana. Na farko ya tashi ranar 1 ga Nuwamba 1764. Daga Habana ake rarraba wa Veracruz da Cartagena da sauransu a ƙananan jirage. A 1767 aka ƙara layin kudu zuwa Montevideo, daga nan a ƙetare kogi zuwa Buenos Aires, sai dawakai da alfadarai su ɗauka zuwa Potosí da Lima, wasu kuma su tsallake duwatsun Andes zuwa Chile.

Dokar 1764 ta tanadi hatimai uku don a san daga ina wasiƙa ta fito a caji kuɗinta: ESPAÑA, ISLAS, INDIAS, wanda sau da yawa za ka gan shi da Y a farko. Daga baya aka rarraba yankunan, shi ya sa kake ganin NUEVA ESPAÑA, CARACAS, SANTA FE, PERU, BUENOS AYRES, da ISLAS DE BARLOVENTO irin na takardarka ta biyu. To amma YNDIAS bai mutu ba. Tashoshin Sifaniya sun ci gaba da buga shi a kan wasiƙun da suka iso har cikin ƙarni na 19 da nisa. Ke nan fuskar takarda mai YNDIAS ba kwanan wata tana iya zama ta 1770, tana iya zama ta 1830. Cinikin biri a sama ne.

Alhaji Mai Hatimi:
Ba haka kawai ba ne, Malam, kai ma ka sani. Kowace tasha da nata ƙarfen bugawa. Tsawon kalmar, tsayin haruffa, yadda ƙafar Y ta karkata, ko akwai ɗigo a ƙarshe, launin tawada, duk an auna an rubuta. Kundin Tizón na nan, ya jera hatiman gari-gari da shekarun da aka san kowanne. Ka sa ma'auni a kan hatimin, ka duba kundi, sai ya faɗa maka gari da zamani. Ɗan Zango, koma ka ce ya ba ka ka auna da milimita.

Baban Sadik:
Gaskiya ne, Alhaji, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai kundin nan da ka ambata, mai jabu ma yana da shi a ɗakinsa. Ka tuna yadda ake jabun wannan harka. Ba wanda ke wahalar ƙirƙiro tsohuwar takarda, tunda tsofaffin wasiƙu marasa hatimi suna nan da araha, waɗanda fasinja ko matuƙi ya kai da hannu. Sai a sayi irin wannan, a sassaƙa hatimi daidai da awon kundi, a buga. Takarda ta gaske, rubutu na gaske, hatimi na jiya. Kuma me ya fi sauƙi a yi wa haka? Fuska, saboda an yanke duk abin da zai ƙaryata ta. In wasiƙa cikakkiya ce, sai hatimi ya yi daidai da garin da aka rubuta ta, da kwanan wata, da kuɗin da aka caja, da nauyinta, da bayanin da magatakardan ɗan kasuwa ya rubuta a baya ranar da ta iso. Shaidu biyar sai bakinsu ya zo ɗaya. Mai jabu yakan yi tuntuɓe a ɗaya.

Ƙanwar Zaure:
Baba, tambaya. Me ya sa mutum zai yanke wasiƙa ya bar fuska kawai? Ba ɓarna ba ce?

Baban Sadik:
Ɓarna ce, 'yata, amma ba duka da mugun nufi ba. Masu tarawa na da can hatimin kawai suke so, sai su yanke su manna a littafi. Wasu iyalai kuma ba sa son a karanta sirrin kakanninsu, sai su riƙe rubutun su sayar da bayan. Shi ya sa a kasuwa ake da hawa uku: carta completa, cikakkiya da rubutunta; envuelta, marufin kawai ba rubutun ciki; sai frontal, fuska. Kuɗi ma haka yake sauka. Akwai kuma dalili na uku mara daɗi, wato a yanke don a ɓatar da lambar ma'ajiyar da aka sato takardar.

Malama Ta Tarihi:
Wannan na ukun shi nake jira a taɓo. Ku maza kuna ta awon ƙafar Y, ba wanda ya tambayi dattijon ina ya samo. Satar takardu daga ma'ajiyar tarihi ba tatsuniya ba ce. Takardun da suka shafi Hernán Cortés, wanda ya ci Meziko da yaƙi wa Sifaniya, an zare su daga babbar ma'ajiyar ƙasar Meziko, suka ɓulla a gidajen gwanjo a Amurka, sai da masu bincike suka gane su suka yi ƙorafi, aka mayar da wasu a 2021. A 2023 hukumar FBI ta sake mayar da wata ta 1527. In takardar Cortés za ta fita, ina ga wasiƙar wani gwamna da ba wanda ke ƙirga ta?

Ɗan Zango, ka duba adireshin da kyau. In ɗan kasuwa aka aika wa, da sauƙi, domin takardun kamfanonin da suka mutu sun daɗe da shiga kasuwa ta halal. In ka ga an aika wa hukuma, ko alƙali, ko ka ga R.S., wato aikin sarki, sai ka ƙara tambaya. Irin waɗannan da yawa mazauninsu ma'ajiya ne, kamar Archivo General de Indias da aka kafa a Sevilla a 1785. Sannan in kana da niyyar kawo ta gida, ka sani dokar kayan tarihi ta Sifaniya ta 1985 ta ce abin da ya haura shekara 100 sai da izini ake fitar da shi daga ƙasar. Kada a tare ka a filin jirgi a kan takarda.

Ɗan Zango:
Na gode Malama, wannan na izini ban san da shi ba ko kaɗan. Duka biyun sunan mutum ne da "y Compañía" a gaba, ina jin 'yan kasuwa ne. To tsagar nan fa ta jikin ta biyu? Ita ce ta sa na ja baya.

Baban Sadik:
Ita ce ma ta sa na matso. Duba shekarar. A 1833 kwalara ta shiga Habana ta yi ɓarna mai yawa. A zamanin an ɗauka takarda na ɗauke da cuta, don haka in jirgi ya zo daga garin da annoba take, sai a killace shi, a kama wasiƙu da dogon awartaki, a tsaga su da wuƙa don hayaƙi ya shiga ciki, wasu a yayyafa musu ruwan khal, wato vinega, ko a tsoma su. Mutanen Kadis ba su manta da cutar shawara da ta kashe dubbai a garinsu a 1800 ba, ba sa wasa da jirgin Habana. Akwai ma wuraren killacewa na musamman, kamar na Mahón a tsibirin Menorca, da na San Simón kusa da Vigo da aka buɗe daga baya. Ka ƙara duba hoton da ka turo, gefen hagu na ƙasa, akwai wani tabo ruwan ƙasa mai kamar taswira. Mai yiwuwa khal ɗin ne, mai yiwuwa kuma shi ya cinye hatimin ya dushe. Ka ga dushewar ma ta samu dalili. Akwai mutanen da ba abin da suke tarawa sai wasiƙun da aka yi wa wannan hayaƙi.

Amma kada ka ɗauki maganata ita kaɗai, tsaga ma ana jabunta, wuƙa ba ta da tsada. Buɗe wasiƙar a hankali. Tsagar gaske ta ratsa duk ninkin a lokaci guda, in ka mayar da naɗin yadda yake sai ramukan su hau kan juna, kuma bakin tsagar ya tsufa kamar sauran takardar, ba fari tas ba.

Alhaji Mai Hatimi:
To na ji, wannan ya ƙara mata daraja, ban musa ba. Amma Malam kana magana kamar kowa littafin tarihi yake so ya rubuta. Wani ido yake so ya ciyar. In ka je baje kolin kan sarki, alƙalai suna ba da maki a kan kyan abu da ƙarancinsa. Shafi guda mai hatimai raɗau yana tsayar da mutum. Naka mai tabon khal sai ka tsaya kana dogon bayani.

Baban Sadik:
Alƙalan nan dai, Alhaji, a ɓangaren tarihin waya makin da suke bai wa ilimi da bincike da yadda ka tsara labarin ya fi na kyau yawa. Kuma fuska ba kwanan wata me za ka rubuta a ƙarƙashinta? "Wajen 1770, in ji wani dattijo"?

Kawu Direba:
Hahaha. Alhaji, an kai ka bango.

Alhaji Mai Hatimi:
Ba a kai ni ba. Akwai hatiman da a duniya 'yan ƙalilan aka sani, in ka ce sai cikakkiya za ka mutu ba ka riƙe ko ɗaya ba. Ɗauki NUEVA ORLEANS. Mutane da yawa ba su san New Orleans ta Amurka ta yi kusan shekara 40 a hannun Sifaniya ba, daga shekarun 1760 har zuwa 1803, kuma wayarta ta Habana take bi. Ko wasiƙun Manila na zamanin da jirgi ke ƙetare tekun Fasifik zuwa Acapulco, daga 1565 har 1815, a bi ta ƙasa zuwa Veracruz, a sake hawa wani jirgin. Irin wannan ko fuska ce ka samu, da takardar shaidar masana, ka rungume.

Baban Sadik:
A nan mun haɗu. In abu ya kai wannan ƙaranci, fuska ma arziki ce, da sharaɗin takardar shaida daga kwamitin masana da aka sani, ba wadda mai shago ya buga wa kansa ba. Amma YNDIAS zuwa Kadis ba ta cikin wannan sahu. Tun da aka fara sassauta dokar ciniki a 1765, aka kuma buɗe ta sosai a 1778, tashoshi da yawa na Sifaniya suka samu izinin hulɗa da Amurka kai tsaye, jiragen 'yan kasuwa suka riƙa zuwa da jakunkunan wasiƙu, kowace tasha tana bugawa. Kadis kuwa ita ce uwa. In da hatimin wata ƙaramar tasha ce da jirgin Amurka bai cika zuwa ba, da sai in ce a tsaya a duba.

Ƙanwar Zaure:
Ni abin da ya ɗaure min kai, yaya aka yi wasiƙun suka tsira da yawa haka? Teku, yaƙi, ga shekaru.

Malama Ta Tarihi:
Saboda ba sa aika ɗaya. Ɗan kasuwa ko gwamna zai sa a kwafe wasiƙa sau biyu ko uku, a rubuta principal, duplicado, triplicado, kowacce ta hau jirgi dabam, ko Allah zai sa ɗaya ta isa. A bayan wasu za ki ga sunan jirgin da haruffa Q.D.G., addu'a ce, Allah ya tsare. Umarnin da ake ba kyaftin ɗin jirgin waya kuma shi ne in abokan gaba suka ci ƙarfinsa ya jefa jakar cikin teku da nauyi a ɗaure. Waɗanda ba su samu jefawa ba suna Landan yanzu. A ma'ajiyar ƙasa da ke Kew akwai abin da ake kira Prize Papers, takardun jiragen da Ingilishi suka kama a yaƙe-yaƙe, da wasiƙu kusan 160,000 da ba su taɓa isa ga masu su ba, wasu har yau a liƙe. Da yawa na Sifaniyawa ne. Ana ɗaukar hotonsu ana sawa a intanet kyauta tare da jami'ar Oldenburg ta Jamus. Ɗan Zango, kafin ka kashe ko sisi, je ka ƙare musu kallo. Ba hannun ɗan kasuwa da ya taɓa su, don haka nan za ka ga yadda naɗin gaske da tawadar gaske suke.

Tunda na karɓi magana, bari in faɗi abin da ke cina. Kuna ta cewa kyau, kyau. Wasiƙar ɗan kasuwar Habana ta 1833 me kuke zato ke ciki? Sukari da kofi, da waɗanda ke noma su. Sifaniya ta sa hannu da Birtaniya a 1817 cewa za ta daina fataucin bayi, amma aka ci gaba da kwasar mutane daga gaɓar Afirka ana kai wa Kyuba a ɓoye har shekarun 1860, bautar kanta ba a soke ta a tsibirin ba sai 1886. Antonio López, wanda kamfaninsa ya samu kwangilar wayar Kyuba a 1861, ya zama Compañía Trasatlántica daga baya, a 2018 hukumar birnin Barsalona ta cire gunkinsa saboda alaƙarsa da cinikin bayi. Mu 'yan Afirka ta Yamma ba za mu riƙe irin takardun nan kamar Bature mai neman adon shafi ba.

Alhaji Mai Hatimi:
Malama, Allah ya huci zuciyarki. Amma ai ba mu muka yi ba, kuma ƙin saye ba zai ta da wanda ya mutu ba.

Malama Ta Tarihi:
Ban ce kada a saya ba, Alhaji. Cewa na yi a karanta. Kuma wannan ma hujja ce a kanka: wanda ya yanke fuska ya yar da rubutu, shaida ya yar. Ɗan Zango yana jin Sifaniyanci, ya buɗe ta biyun ya gaya mana abin da ke ciki, ko farashin sukari ne kawai.

Ɗan Zango:
Na ɗan leƙa a gabansa, Malama, rubutun ne da wuya, sun cika gajarta kalmomi. Na dai gane cajas de azúcar, akwatunan sukari, da wata magana a kan rashin lafiya a gari. Akwai kuma lamba babba da aka buga a fuskar kusa da hatimi.

Baban Sadik:
Rashin lafiya a gari, 1833, ga tsaga. Ka ga shaidu sun fara haɗa baki. Lambar kuwa kuɗin da mai karɓa zai biya ne, da reales. Ka kula, real iri biyu ne: a Amurka real de plata, a Sifaniya real de vellón. Babbar azurfar nan ta peso tana daidai da 8 na farko, 20 na biyu, don haka kada ka haɗa lissafinsu. Tunda Kadis ta iso, vellón ne. Nauyi kuma da adarme ake aunawa, 16 ke yin oza ɗaya. Nemi jadawalin kuɗin waya na wannan lokaci, ka auna takardar a ma'aunin masu zinariya, ka ga ko lambar ta dace. Ka kuma duba ko an rubuta sunan jirgi a kusurwa. A lokacin jiragen waya na gwamnati sun riga sun zama tarihi: an haɗe su da rundunar ruwa a 1802, yaƙe-yaƙe da Ingila suka cinye jiragen, ƙasashen Amurka suka ɓalle, bayan 1824 kusan ba abin da ya rage sai Kyuba da Puerto Rico da Filifin. Daga 1827 wani kamfani da aka kafa a Habana, Empresa de Correos Marítimos, shi ke ɗaukar wayar. Sanin ko jirginsa ne ya kawo ta ko na ɗan kasuwa wani abu ne da zai ƙara mata bayani.

Abu na ƙarshe, ɗaga ta sama wajen fitila. Za ka ga layuka siraru a cikin takardar da wata alama ta masana'anta. Wanda ya taɓa riƙe tsofaffin littattafan malamanmu na hannu ya san takardar Italiya mai jinjirin wata uku, to irin wannan ce, kuma Sifaniya ma ta sha sayen takarda daga Genoa. Alamar ba za ta ba ka rana ba, amma in ta saɓa wa zamanin, ka ajiye masa kayarsa.

Kawu Direba:
In ka saya ka kai a yi mata laminatin kada ta yage.

Alhaji Mai Hatimi:
Inna lillahi! Kawu, ka rufa mana asiri. Laminatin kashe takarda ne, daga ranar ba ta da sauran daraja, ba a kuma cirewa. Ba salatif, ba gam, ba ledar nan mai laushi mai wari. Aljihun roba na masu ajiyar tarihi ake saya, ko a naɗe a takarda marar asid, a ajiye inda ba damshi ba rana. Tawadar da ma tana da ƙarfe a ciki, in ta sha damshi sai ta ci takardar ta huda. Wanda ke gida kuma ya yi hankali da gara da damina.

Ɗan Malabo:
Salamu alaikum, na zo a makare. Ina bin ku tun ɗazu. Mu nan Malabo ta Equatorial Guinea ai Sifaniya ce ta yi mulki, tsibirin da a da ake ce wa Fernando Po, kuma kakannin wasunmu daga Najeriya suka zo. Shin jiragen wayar nan sun taɓa biyowa ta nan? Akwai abin da mutum zai nema?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa. Na 1764 ba su biyo ba. Fotugal ta bar wa Sifaniya tsibirin a yarjejeniyar El Pardo ta 1778, amma suka kasa zama, har Ingilishi suka kafa garin Clarence a 1827, shi ne ya koma Santa Isabel, shi ne Malabo ɗinku. Har wanda Sifaniya ta naɗa gwamna a 1843, John Beecroft, Ba'ingile ne. Shi ya sa tsofaffin wasiƙun tsibirin jiragen Liverpool ne suka fi ɗauka, waɗanda ke tsayawa a Legas da Bonny da Kalaba. A shekarun 1870 ma an yi amfani da kan sarkin Ingila a can, ana soke shi da hatimi mai lamba 247, kamar yadda Habana take da C58. Kan sarkin Fernando Po na kansa ya fara a 1868. Daga baya in wani iri ya yanke sai su ɗauki wanda ke hannu su buga masa HABILITADO, wato an halatta amfani da shi. Layin Trasatlántica na kai tsaye sai a ƙarshen shekarun 1880 ya zo.

Waɗannan masu HABILITADO su ma an cika su da jabu, ba a sayensu tsirara sai a kan wasiƙa ko da shaida. Amma ni da nake kai, ba kasuwar Madrid zan fara dubawa ba. Tambayi tsofaffin unguwarku ko akwai ambulan na zamanin leburorin koko, waɗanda aka aiko daga Kalaba ko Kano ko aka aika can kafin 1968, lokacin da mulkin Sifaniya ya ƙare. Ba su kai na Habana tsufa ba, amma masu tarawa a Turai ba su cika samunsu ba.

Ɗan Malabo:
Akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe a gidan limaminmu, na taɓa ganin ambulan a ciki. Zan nemi izini.

Alhaji Mai Hatimi:
In ya yarda, kada ka ɓanɓare kan sarki ko ɗaya. Ɗauki hoton gaba da baya, bayan ma ya fi, nan hatiman hanya suke. Ka rufe sunayen mutane kafin ka turo zaure.